Gargaɗi ga Muridi Mai Yawan Shagali a kan Rabon Lokutansa

Da sunan Allah na fara, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare shi, wanda ya sanya dare da rana suna bin juna, ya sanya rana da wata su zama ma'auni ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da sauran waliyyai baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ku sani dalilin wannan 'yar takarda shi ne wani ɗan'uwa daga cikinku, malamin asibiti ne, ya tsaya a zawiya wani daren Juma'a bayan an tashi daga wazifa. Ya jira har kowa ya ɗauki takalmansa, sa'an nan ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na zo ne in mayar da amana." Na ce, "Wace amana?" Ya ce, "Wuridi. Ana bi na lazimi 46, na ƙidaya su. Mako guda ina aikin safe, mako guda ina aikin kwana, in na dawo gida ba na iya ɗaga kaina, iyalina sun fara ƙorafi. Ko dai in bar aikin, ko in bar wuridin, ba ni da ikon ɗaukar biyu." Yana faɗi muryarsa tana rawa. Na ce masa ba ko ɗaya da zai bari, ya tafi ya yi barci, ya dawo ranar hutunsa mu zauna da takarda da alƙalami. Cikin wannan wata kuma wani mai shago a Kantin Kwari ya yi mini irin wannan kuka, haka wata malamar makaranta ta aiko mijinta da shi. Sai na ga gara in rubuta jawabi ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Fasali a kan lissafin yini

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah ya datar da mu da kai, yini da dare awa 24 ne, minti 1,440 ke nan. Ba a ƙara wa sarki minti guda a kai, ba a rage wa mai tura kura. Kowa ya ce ba shi da lokaci, to mu zauna mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, domin ɗan kasuwa ba ya cewa kuɗi sun ɓace sai ya buɗe littafi.

Salloli biyar da alwalarsu, mu ba kowace minti 15, ya zama 75. Lazimin safe, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100, ga mai karatu a tsanake bai wuce minti 20 ba. Na yamma haka nan. Wazifa cikin jama'a mu ce minti 30. In ka haɗa duka ka sami 145. Ka duba da kyau, ushirin yini ke nan, ɗaya cikin goma, da ɗoriyar minti guda. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa, in ta kai nisabi, dami ɗaya ya ke fitarwa cikin goma, ba mu kuwa taɓa jin ya ce zakka ce ta hana shi cin tuwo ba. Sa'an nan ka ba barci awa 7, ka ba aiki awa 8, ka ba hanya da cunkosonta awa 2. Abin da ya rage awa 4 ne da minti 35. Wannan saura ita ce abin tambaya. A cikinta a ke cin abinci, a zauna da iyali, a gai da iyaye, a je cefane. A cikinta kuma a ke yin ɓarnar da mutum ba ya so ya ƙidaya.

Na sani akwai wanda aikinsa ya ke cin awa 12, akwai direban da ya ke kwana a hanya, akwai matar da ta ke tashi daga ofis ta shiga madafa. Ban ce lissafin kowa ɗaya ba ne. Abin da na ce, kowa ya yi nasa da hannunsa, kwana bakwai a jere, ya rubuta abin da ya yi tsakanin salla da salla ba tare da ya ƙawata kansa ba. Nafsu maƙaryaciya ce a wajen ƙidaya, tana tuna wahalar da ta sha, tana manta zaman da ta yi a bakin mai shayi.

Fasali a kan cewa wuridin kowa gwargwadon matsayinsa

In ka ce mini, ai Imamu Gazali ya bar aikinsa don neman Allah, sai in ce gaskiya ne. An naɗa shi koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekara ta 484 bayan hijira, wato 1091, ɗalibai kamar 300 suna zama gabansa, sarakuna suna neman shawararsa. A shekara ta 488 harshensa ya ƙulle har ya kasa ba da darasi, ya fita Bagadaza ya nufi Sham. Amma ka lura da abu biyu. Bai fita ba sai da ya ajiye wa 'ya'yansa abin da za su ci. Kuma bayan kamar shekara 11 ya koma koyarwa a Naisaburi, kafin ya rasu a garinsu Ɗusa a 505, wato 1111. Sa'an nan shi ɗin nan da ka kafa hujja da shi, a cikin Ihya'u ya keɓe littafi guda a kan jera wuridai bisa lokutan yini da dare, ya raba yini kashi bakwai. A can ya kasa masu neman lahira gida shida: mai ibada zalla, da malami, da ɗalibi, da mai riƙe da al'amarin jama'a, da mai sana'a, da wanda ya nutse cikin kaɗaita Allah har bai ga waninsa. Bai ɗora wa ɗaya kayan ɗaya ba. Mai sana'a da ke da iyali, ya hana shi tozarta su da sunan ibada, ya nuna cewa a lokacin sana'a zaman kasuwarsa shi ne wuridinsa, muddin zuciyarsa ba ta manta Allah ba. Mai riƙe da jama'a kuwa, kamar alƙali da hakimi, ya fifita masa biyan bukatun Musulmi da rana a kan nafiloli, ya taƙaita a kan farillai, ya mai da wuridansa dare.

To kai malamin asibiti, kai akawu, ke malamar makaranta, a gida na huɗu da na biyar ku ke. Kada Shaiɗan ya zo muku ta ƙofar alheri, ya nuna muku tsohon da ya aurar da 'ya'yansa ya zauna a zawiya tun asuba har hantsi, ya ce in ba ku yi kamarsa ba ku ba muridai ba ne. Ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammili ta sauƙaƙa tsayuwar dare, ta kuwa ambaci masu tafiya neman arziki tare da marasa lafiya da mayaƙa cikin masu uzuri. Shehunmu, Allah ya ƙara masa yarda, bai sharɗanta wa muridi halwa ko barin sana'a ba, shi ya sa ɗarikar nan ta zauna daram a hannun fatake da maɗinka da marina.

Fasali a kan abin da ya same ni

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye shekaru, ba don daɗin faɗinsa ba, sai don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Ina saurayin magidanci na yi aikin akawu a wani ofis inda a ke shirya takardun waɗanda suka ajiye aiki. A shekarar nan ni ne magatakardan kwamitin mauludi na zawiyarmu, ina koyar da yara Ahalari da Ishmawi bayan magariba, ina kuma da hannu a wani ɗan shago ni da wana. Ban taɓa cewa a'a ga wanda ya kawo mini aiki ba, ina jin daɗi a ce wane ba ya gajiya. Wata rana wani tsoho ya zo daga ƙauye, ya yi gadi shekaru masu yawa, yana neman fanshonsa. Na duba fayil ɗinsa, ba abin da ya rage sai wasiƙa guda da zan rubuta in kai wa babbanmu ya sa hannu. Aikin rubu'in awa ne. Amma a ranar ina da takardun gayyatar mauludi da zan rarraba, sai na ce, "Baba, ka dawo jibi." Na jefa fayil ɗin aljihun tebur.

Ya dawo jibi, na ce mako mai zuwa. Ya dawo, aka ce masa na fita, na kuwa fita ne karɓo gudummawar shinkafa. Zuwansa na huɗu ya kwance wani ƙyalle, ga ƙwan zabi a ciki, ya tura mini a hankali ya ce, "Ɗana, ga ɗan abin da na samu." Na ɓata rai na ce, "Subhanallahi, Baba, ni ba na cin hanci, mai da abinka." Ya mayar yana ba ni haƙuri. Wallahi a ranar na koma gida ina jin kaina wani mai tsentseni, har na ba matata labari. Ban tambayi kaina ba kuɗin mota nawa tsohon nan ya kashe a zuwa huɗu, ko wa ya ranta masa, ko me ya sa har ya zaci sai da ƙwai zan motsa.

Aka yi mauludi, aka yaba shiri, aka ambaci sunana a lasifika. Bayan mako bakwai da zuwansa na farko wani yaro ya tsaya gaban teburina ya ce mahaifinsa ya rasu, an ce ya zo ya tambayi yadda za a mai da takardun da sunan magada. Na buɗe aljihun tebur, ga fayil ɗin nan a ƙarƙashin ragowar takardun gayyata. Ban ce jinkirina ne ya kashe shi ba, ajali na hannun Allah. Amma ya yi jinya ba kuɗin magani alhali haƙƙinsa yana kwance ƙarƙashin gwiwar hannuna.

Na tafi wurin malamina wanda na karɓi ɗarika a hannunsa, Allah ya jiƙansa, na faɗa masa duka. Ya ce, "A makonnin nan bakwai, lazimi nawa ka sha?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ko ɗaya." Ya yi shiru har na zaci ya manta da ni, sa'an nan ya ce, "Da lazimi ka sha da na ce ka rama. Wannan wa za ka rama wa?" Ya umarce ni in ajiye aikin kwamiti a daren nan, in bi takardun magada da ƙafata har su fito, in tafi ƙauyen in nemi gafarar matar mamacin, in faɗa mata gaskiya ba tare da na laɓe bayan ofis ba. Na yi. Takardun da za su fita cikin rubu'in awa sai da suka ci watanni, domin sha'anin magada sai an bi ta kotu. Matar ta ce ta yafe. Shi kuwa mai haƙƙin ban same shi ba, sai mun haɗu.

Tambihi

Ku sani wanda ya karɓi albashi ya sayar da lokacinsa ne, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Malaman fiƙihu sun yi bayanin wannan a babin ijara. Sallar farilla ba ta shiga cinikin, ka tashi ka yi ta, ka dawo ba tare da ka tsaya hira a ƙofar masallaci ba. Amma nafila da lazimi da karatun Dala'ilu, ba ka da ikon yinsu cikin lokacin da ka sayar alhali mutane suna tsaye a layi, sai da yardar mai aikin kuma ba wanda zai cutu. Na sha shiga ofis in tarar da ma'aikaci yana jan carbi, ya ɗaga mini hannu wai in jira. Da ɗarika baki gare ta da ta yi ƙararsa. Mai tsayuwa a layin nan zai tafi yana cewa haka 'yan ɗarika su ke, ka ga ka ci haƙƙinsa ka kuma shafa wa shehunai baƙin fenti.

Fasali a kan rubutu da alkawari

Abin da na koya bayan wannan musiba ba wani sirri ba ne. Na sayi littafi guda, guda ɗaya tak, domin mai rubutu a takardu barkatai daidai ya ke da wanda bai rubuta ba. Duk abin da na ɗauka wa wani na rubuta shi da sunan mai shi da ranar da na ce. Da safe bayan lazimi, kafin in fita, sai in buɗe in zaɓi abu uku waɗanda haƙƙin wani ya rataya a kansu, in sa mafi nauyi a gaba, in fara da shi tun ban buɗe bakin gaishe gaishe ba. Abin da yinsa bai kai tsawon rubuta shi ba, a take na ke yinsa. Kafin in tashi daga aiki in sake buɗewa, in soke abin da ya ƙare, wanda bai ƙare ba in kira mai shi in gaya masa da bakina tun bai biya kuɗin mota ba. Wannan ita ce muhasabar mai aiki, 'yar'uwar muhasabar da muridi ya ke yi a kan shimfiɗarsa.

Kada wani ya ce rubutu rashin tawakkali ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, an kawo masa takardar bashi an rubuta ajalinta Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban, na bana ko na bara ko na baɗi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ya tara sahabbai, wajen shekara ta 17, aka kafa ƙidayar shekaru daga hijira, wadda mu ke bi har yau. Shi ne kuma ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da rabon kowa. Umar ɗan Abdul'azizu, wanda halifancinsa bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba, daga 99 zuwa 101, an ruwaito an ba shi shawara ya bar sauran aiki sai gobe ya huta, ya nuna cewa aikin yini ɗaya ma ya gajiyar da shi, ina ga na yini biyu in sun taru.

Sa'an nan ku koyi auna kaya kafin ɗauka. Maɗinki ya san hannunsa, in yana gama kaya biyu a yini kuma saura kwana 20 salla, kaya 40 ne iyakarsa. In ya karɓi 70, to ya karɓi kaya 40 da ƙarya 30, ko da bai buɗe baki ya yi ƙaryar ba tukuna. Daren salla zai kashe waya ya ɓuya, yara su yi kuka a gidaje, shi kuwa azuminsa na goman ƙarshe ya tafi a kan keke ba tarawihi ba wazifa. Da ya ce wa mutum na 41, "Yi haƙuri, na cika, ga wane can hannunsa da kyau," da ya tsira da mutuncinsa, ya kuma ciyar da ɗan'uwansa. Mu Hausawa kunya tana hana mu cewa a'a, sai mu ce in sha Allahu alhali mun san a zuci ba za mu yi ba. Wannan mai da sunan Allah mayafin ƙarya ne, ku ji tsoronsa. Ɓacin ran da mutum zai yi yau in ka ce ba ka iyawa, bai kai rabin wanda zai yi ranar da ya zo karɓa ba.

Wanda ya ke da mutane ƙarƙashinsa kuma ya saki wani abu daga hannunsa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, bayan an ci Alƙalawa a 1808, bai rungume komai ba. Ya zauna Sifawa yana karantarwa yana wallafa, a 1812 ya raba riƙon ƙasa, yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Kai mai shago da ba ka yarda yaronka ya taɓa aljihun kuɗi ko ya yanka yadi ba bayan shekara goma yana tare da kai, ko dai ba ka koya masa ba, ko kana son a ce in ba ka nan kasuwa ba ta ci. Na biyun nan ciwon zuciya ne, na san shi domin na yi jinyarsa. Sayyidina Umar ma a Madina karɓa karɓa ya ke yi da maƙwabcinsa Ba'ansare, yau wannan ya sauka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gobe wancan, kowa ya kawo wa ɗan'uwansa abin da ya ji. Masu aikin kwana su yi haka a kan karatun zawiya.

Mas'alar waya

Ba zan tsawaita ba, kowa ya san inda takalmi ke cizonsa. Wayoyin nan suna ƙidaya awowin da mutum ya yi yana kallonsu, in ba ka san wurin ba ka ba yaro ya buɗe maka. Na sa jikana ya buɗe tawa, na ga abin da ya sa na karɓe ta da sauri. Kada ka ce ai wa'azin shehunai na ke saurare a WhatsApp, ai hotunan mauludi na ke turawa. Shagali da alheri ƙarami a bar wajibi, shi ne dai ramin da na ba ku labari. Sa'ad da za ka zauna lazimi ka bar ta a wani ɗaki, domin magana tana ɓata wuridi in ba ta larura ba, ido kuwa in ya tafi zuciya ta bi shi. A wurin aiki ma, aikin da ke son natsuwa ka keɓe masa awa guda ka kife ta. Hankalin da a ke yankewa kowane minti biyar kamar tukunya ce da a ke ta saukewa daga murhu, itace ya ƙare ruwa bai tafasa ba.

Mu ma muƙaddamai da laifinmu. Mu ce wazifa bayan magariba, sa'an nan mu tsaya jiran wani alhaji. Mu kira taro da hantsin Talata alhali rabin 'yan'uwa ma'aikata ne. Mu riƙe mutane da hira har tsakar dare, gobe direba ya hau titi da barci a idonsa da rayukan mutane a bayansa. Na ɗauki alkawari a zawiyarmu ba za a jira kowa ba, ko ni ne.

Fasali a kan faɗin lokutan wuridi

Yawancin masu tara ramuwa jahiltar wannan babi ne ya kai su. Lazimin safe lokacinsa na zaɓi daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi babba, na larura kuwa yana miƙewa har faɗuwar rana. Na yamma daga bayan la'asar zuwa lisha, na larurarsa har fitowar alfijir. An kuma yarda a gabatar da na safe cikin dare, bayan lisha da gwargwadon karatun izu biyar, sa'ad da mutane suka kwanta. Wazifa sau ɗaya ta wadatar a yini da dare, istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. In akwai jama'a a yi da su, mai uzuri ya yi shi kaɗai. Wanda ya yi taimama, ko wurinsa bai cika sharaɗin tsarki ba, ya karanta Salatul Fatihi 20 a madadin Jauhara. Lazimi da wazifa in sun kuɓuce a rama su. Zikirin Juma'a, tsakanin la'asar da faɗuwar rana, shi ne ba shi da ramuwa, saboda haka mai shago ya san yadda zai yi da yammacin Juma'arsa tun ranar Alhamis.

Kada kuma ka ƙara wa kanka wuridai na ganin dama alhali na wajibi yana ɗingishi. Kaɗan mai ɗorewa shi aka fi so, wannan sananne ne a sunna. Jikinka ma yana da rabo. Salmanu Bafarishe ya kwana gidan ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya tarar da matar gidan ta bar ado saboda mijin ba ya kula da duniya. Ya ƙi cin abinci sai da mai gidan ya karya azumin nafilarsa suka ci tare, da dare ya hana shi tashi sai a ƙarshensa, ya tuna masa haƙƙin Ubangijinsa da na kansa da na iyalinsa. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Likitocin zamanin nan suna cewa baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Malamin asibitin da ya hana kansa barci don nafila, sa'an nan ya kuskure ma'aunin allura, ba nafilar da za ta tsaya masa.

Shi ɗan'uwan nan ya dawo ranar hutunsa, muka shimfiɗa takardar aikinsa ta wata guda a kan buzu. Ashe zatonsa in rana ta ɗaga lazimin safe ya wuce, sai ya bar shi ya shiga cikin bashi, in ya tuna yawan bashin kuma gwiwarsa ta yi sanyi har na yamma ya bi. Muka tsara. Makon aikin kwana, ya yi na yamma da wazifa a gida bayan la'asar kafin ya fita, na safe kuwa in ya dawo ya yi, in barci ya rinjaye shi ya kwanta ya yi bayan azahar, yana cikin lokaci. Makon aikin safe ya gabatar da na safe da dare. A cikin asibiti ba carbi a hannunsa muddin akwai majiyyaci a gado, sai ambaton zuci. Ramuwa kuwa biyu kowace rana, ba ƙari ko ya ji ƙarfi, kwana 23 ke nan. Aikin da ya ke yi a wani kantin magani bayan ya tashi, muka lissafa abin da ya ke samu da abin da ya ke ci masa, ya rage shi zuwa kwana biyu a mako. Yammacin ranar hutunsa na hana shi zuwa zawiya, na ce na iyalinsa ne, in na gan shi zan kore shi. Ya cika ramuwarsa cikin kwana 31, domin an yi mako guda da abokin aikinsa ya kwanta ciwo ya riƙe masa.

Tammat da godiyar Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wanda ya karanta wannan takarda ina roƙonsa Fatiha guda, ladanta ga wani tsoho mai gadi, Allah ya san sunansa.